Akori-kura mai injekta da ba ta tashi da safe

Malam, ka ce Hilux ɗinka mai inji 22R-E tana yin kik amma sai ta wahalar da kai kafin ta tashi, musamman da asuba in za ka tafi kasuwar Mai'aduwa daga Daura. Tunda kik yana juyawa da ƙarfi, ka cire batir daga zargi tukuna.

Fara da mai. Tsofaffin Toyota irin wannan ba sa kunna famfon mai da ka murɗa makulli kawai, sai inji ya fara juyawa, don haka rashin jin ƙararsa ba ya nufin ya mutu. Buɗe ƙaramin akwatin gwaji da ke ɗakin inji, ka haɗa ramukan da ake kira Fp da +B da guntun waya, ka murɗa makulli. In ka ji famfo yana gurnani kuma mota ta tashi nan take, to mai ne yake zurarewa ya koma tanki cikin dare, ko rilen famfon, wato suwicin da ke kunna shi, ya gaji. Ka kuma canza filtar mai, don man 'yan bumburutu da datti da ruwa yake zuwa.

Tunda da sanyi take yi, ni na fi zargin injektar tashin sanyi. Ita ce ta biyar bayan huɗun silinda, tana fesa ƙarin mai lokacin kik kaɗai, kuma wani suwici mai auna zafin ruwan inji ne ke ba ta wuta. A hunturu nan ne asirinta ke tonuwa. Sa makanike ya ciro ta ya ga ko tana fesawa, kafin wani ya ce maka kwamfutar motar ce.