Amsa: Wane intanet zan sa a shagona a Damagaram?

Malam, ka ce za ka buɗe shagon kwamfuta kusa da Jami'ar André Salifou, kana tambayar layin da ya fi. Gaskiya ba a yanke wannan hukuncin daga zaune. Kamfanoni huɗu muke da su: Airtel, Moov, Zamani da ta gaji Orange a 2019, sai Niger Telecoms ta gwamnati. Kowanne da unguwar da yake ƙarfi. Rezon da ke gudu a Sabon Gari yana iya rarrafe a cikin Birni, inda katangun ƙasa ke da kauri.

Sayi ƙaramin forfe a layuka biyu ko uku, ka zauna cikin shagon kansa ka gwada, da hantsi da kuma bayan isha'i, lokacin da kowa ya hau WhatsApp. Ni na yi gaggawa, na zuba jikka goma a layi ɗaya don tallar da na ji a rediyo. Sai da na rataye akwatin wifi a ƙusa bakin taga kafin shafi ya buɗe, kwastoma na tsaye yana duba agogo.

Starlink, intanet ta tauraron ɗan adam, ta shigo Nijar a 2025, tana da sauri, amma kayanta da kuɗin wata ba wasa ba, kuma in kuran ya ɗauke ita ma ta tafi. Fara tanadar batir da sola tukuna.

Batun tura wa mutane fina-finai da waƙoƙi a waya kuwa, dukiyar masu ita ce. Ka tuntuɓi hukumar BNDA, mai kare haƙƙin mawaƙa da masu fina-finai a Nijar, kafin ka fara.