Ɗana, Ranar Nan Ba a Ba Mu Lissafinta Ba

Ɗana, saƙonka ya iso ni, na kuma ji daɗi da ka kawo wannan tambaya gida maimakon ka bar ta tana cin ranka. Ka ce wajen jana'izar da kuka je ka ga manya sun tsaya a bakin kabari suna gyara akwati, sai da ƙafafun mamacin suka dubi gabas kafin a sauke shi, kana son sanin dalili. Ka tambayi kuma abin da ya sa muke kwana a majami'a daren 31 ga Disamba. Sannan ka zo ga abin da na gane shi ne ainihin damuwarka: wani mai wa'azi a waya ya lissafa shekarar dawowar Almasihu, har kana tunanin ko karatun da kake yi yana da sauran amfani.

Batun gabas ba shi da wuya. A Matiyu 24:27 Yesu ya ce zuwansa zai zama kamar walƙiyar da ke fitowa daga gabas ta haska har yamma. Saboda haka Kiristoci tun zamanin dā suke addu'a suna fuskantar gabas, suna gina majami'u haka, suna kuma kwantar da matattunsu kai a yamma, ƙafa a gabas, domin in an busa ƙaho suka tashi, fuskarsu na wajen Mai zuwa. Al'ada ce, ba umarni ba. Wanda ya nitse a teku da wanda wuta ta cinye za su tashi daidai da wanda aka auna masa kabari. Amma ina ƙaunar al'adar, domin ko muna kuka, hannuwanmu suna shaida cewa wannan kwanciyar tana da ranar tashi.

Kwanan addu'a kuwa, waɗanda suka yaɗa shi sosai su ne mutanen John Wesley a Ingila wajen 1740. Masu haƙar kwal ne a Kingswood, kusa da Bristol, waɗanda dā suke raba dare a gidan giya. Da suka tuba sai suka mai da wannan daren na addu'a da waƙa. Da farko ma wata-wata ake yi, lokacin farin wata, don mutane su ga hanyar komawa gida. Daga baya ya zauna a daren ƙarshen shekara. Ba wai Ubangiji zai dawo da ƙarfe goma sha biyu na wannan daren ba ne. Koyon zaman tsaro ne, irin wanda ya umarce mu a Markus 13.

To, mu zo kan mai lissafin nan. Ka buɗe Matiyu 24:36 da hannunka. Yesu ya ce wannan rana da wannan sa'a ba wanda ya sani, ko mala'ikun sama, ko Ɗan, sai Uba kaɗai. Da almajirai suka sake tambayarsa kafin a ɗauke shi sama, ya ce musu sanin lokatai ba nasu ba ne, a Ayyukan Manzanni 1:7. Abin da aka ɓoye wa mala'iku da manzanni, yaya aka yi ya faɗo hannun mai waya?

Kuma ba shi ne na fari ba. A Amurka an yi wani manomi mai tsoron Allah, William Miller, wanda ya ɗauki kwana 2,300 na Daniyel 8:14 ya mai da su shekaru. Mabiyansa suka tsayar da ranar 22 ga Oktoba, 1844. Wasu suka bar amfanin gona bai girbu ba, wasu suka sayar da abin hannunsu. Gari ya waye ranar 23 kamar kullum, mutane suka yi ta kuka, bangaskiyar wasu ba ta sake miƙewa ba. A zamaninmu Harold Camping, mai wa'azi a rediyo, ya sa 21 ga Mayu, 2011, da ta wuce ya mai da ita 21 ga Oktoba. Akwai waɗanda suka zuba ajiyarsu ta shekaru wajen buga allunan sanarwa. Shi kansa daga baya ya amsa cewa ya yi kuskure. Mafi muni shi ne na Kanungu a Yuganda, a watan Maris na 2000, inda wata ƙungiya mai wa'azin ƙarshen duniya ta hallaka ɗaruruwan mabiyanta, har da yara. Duk lokacin da na tuna da su zuciyata takan yi nauyi, domin yawancinsu mutane ne masu neman Allah da gaske, aka yi wasa da tsoronsu.

Kada ka ji wannan ka ce ina shakkar dawowarsa. Sam. Zai dawo, a bayyane, cikin ɗaukaka, ya shari'anta masu rai da matattu. Ikkilisiya take furta wannan tun Majalisar Nikiya ta 325, kuma duk sa'ad da muka ci Jibin Ubangiji muna shelar mutuwarsa har ya zo. Inda masu bi suka rabu shi ne tsarin abubuwan: ko fyaucewa, wato ɗauke masu bi su tarbi Ubangiji a sama, za ta riga babban tsanani na ƙarshen zamani, ko shekara dubu ta mulkin Almasihu a Wahayin Yahaya 20 a zahiri take ko misali ce. Koyarwar fyaucewa kafin tsanani, John Nelson Darby ne ya yaɗa ta a shekarun 1830, akwai masu tsoron Allah a kowane ɓangare. Kada ka ɓata da ɗan'uwa a kan wannan. Yaƙe-yaƙe da yunwa da girgizar ƙasa kuma, Yesu ya kira su farkon naƙuda, ya ce kada mu firgita. Wani sashe na maganarsa ma ya cika a shekara ta 70, da sojojin Roma suka rushe Haikalin Urushalima.

Abin da nake so ka zauna a kansa shi ne Matiyu 25. Budurwai goma suna jiran ango, ango ya yi jinkiri, dukansu suka yi barci, masu hikimar ma sun yi. Ba barcin ne ya raba su ba. Da tsakar dare aka yi kira, kowacce ta tashi tana gyara lagwani, biyar suka ga fitilarsu tana mutuwa, ba mai a kwalba. Suka roƙi 'yan'uwansu, bai yiwu ba. Ɗana, bangaskiyar mahaifiyarka ba za ta ci a fitilarka ba, tawa ma haka. Sai ka dubi ƙarshen surar, inda Sarki ya raba tumaki da awaki. Bai tambayi kowa ko ya gane ma'anar 666, lambar dabbar nan ta Wahayin Yahaya, ba. Ya ce na ji yunwa kun ba ni abinci, ina baƙo kun sauke ni, ina ciwo da kurkuku kun zo wurina. Wanda kuke gaba da shi, ka je ku shirya tun yau. Bashin da ka ci, ka biya. Zunubin da kake ɓoyewa, ka kai shi gaban Allah.

Karatu kuwa, ka riƙe shi da hannu biyu. A Tasalonika an sami waɗanda suka ajiye aiki suna zaman banza, Bulus ya rubuta musu cewa wanda ya ƙi aiki kada ya ci. A misalin da Yesu ya bayar ma, bawan da aka yaba wa shi ne wanda maigida ya tarar a bakin aikinsa. Ka zauna jarrabawarka, in lokacin aure ya yi ka yi. Mai wa'azin nan kuma ka daina sauraronsa, musamman in ya fara haɗa ranar da neman kuɗi.

Ka karanta Matiyu 24 da 25 a zama ɗaya, a hankali, ka rubuta wuraren da suka shige maka duhu, in mun haɗu mu duba tare. Ka gai da mahaifiyarka da ƙannenka. Ubangiji ya kiyaye ka.

Kawunka.