Amsar tambayar Auta: na yi zagi da azumi a bakina, sai na rama?

Assalamu alaikum. 'Yan gida, barkanmu da shan ruwa. Auta, na ji saƙonka tun la'asar, ina hanya ne shi ya sa ban amsa ba. Ka ce kun yi cacar baki da wani mai adaidaita a kan canji har ashar ya suɓuce maka, kana tambaya ko azumin ya karye.

To, bai karye ba, babu ramuwa a kanka. Abubuwan da ke karya azumi sanannu ne, ci, sha, kusantar iyali da rana, da makamantansu. Zagi ba ya cikinsu a wajen mafi yawan malamai. Amma fa ƙanena, kar ka saki jiki, ladan ne ya tauye.

Ka duba Suratul Baƙara aya ta 183. An wajabta mana azumi kamar yadda aka wajabta wa waɗanda suka gabace mu. Sai aka rufe ayar da "la'allakum tattaƙun", wato domin ku samu taƙawa. Nan maganar take.

Ka tuna alwalar azahar, rana ta take, maƙogwaro ya bushe ƙamas, ruwan buta na cikin bakinka kana kurkurewa. Wa zai sani in ka haɗiye? Ko wanda ke tsugune kusa da kai ba zai gane ba. Amma sai ka tofar, don ka san Allah na ganinka. To wallahi wanda ya ga wannan ruwan, shi ya ji abin da ka faɗa wa bawan Allahn nan. A Bukhari an ruwaito cewa wanda bai bar ƙarya da aiki da ita ba, Allah ba ya bukatar ya bar ci da sha. Wannan hadisin yana ba ni tsoro sosai.

Kuma an koya mana abin yi: in wani ya tsokane ka, ka ce "ni mai azumi ne", ka wuce.

Ka yi istigfari. Gobe in ka gan shi a tasha, ka nemi afuwarsa, ko shi ya fara. A gaida Hajiya, a ce ina nan tafe ranar Juma'a.