Amsa ga ɗan'uwan da faɗuwar gaba ke mayar da shi ga taba

Ɗan'uwa, assalamu alaikum. Ka ce duk ranar da ka ajiye sigari sai gabanka ya yi ta faɗuwa, ƙirjinka ya yi nauyi, kafin la'asar ka koma mata, kuma an ba ka shawarar motsa jiki amma kana tsoron bugun zuciyar ya ƙaru. Wallahi ciwona ka faɗa. Ni ma tun ina saurayi nake busa ta a bakin fadama, wajen noman rani, nan yankin Haɗejiya.

Daren da ba na mantawa shi ne farkon bari na. Na farka tsakar dare jikina sharkaf da zufa, zuciya na dukan uku-uku, yatsuna sun yi sanyi. Na fito zaure na zauna a ƙasa ina maimaita kalmar shahada, don na sakankance lokaci ne ya yi. Uwargida na tsaye riƙe da fitila tana kuka ƙasa-ƙasa kada yara su tashi. Da gari ya waye na faɗa wa wani aminina da muka tashi tare. Sai ya kwashe da dariya, ya ce raki ne, ya kunna kara ya miƙo mini. Bai tsaya nan ba, da magariba ya kai maganar majalisar mai shayi yana kwaikwayon yadda nake haki. Har yau in muka gaisa sai na ji abin a raina. Mutumin da na yi wa jinyar mahaifinsa! Na yafe masa, amma zama kusa da shi na daina. Kai ma ka duba da wa kake zama.

Wani ma'aikacin lafiya ne ya auna ni, ya ce zuciyata lafiya lau, ya yi mini bayanin da ya buɗe mini ido. Sinadarin nikotin yana isa ƙwaƙwalwa cikin daƙiƙu kaɗan da zuƙa, in ya ragu a jini sai jiki ya fara ƙunci da fargaba. Natsuwar da kake ji bayan ka kunna, wutar da tabar ta hura ce take kashewa na ɗan lokaci. Wahalar ta fi tsanani a kwana uku na farko zuwa mako guda, sai ta riƙa sauƙi cikin makonni biyu zuwa huɗu. Ita kuma sha'awar in ta taso, 'yan mintuna take yi ta lafa.

Keke ne ya taimake ni. Bayan asuba nakan hau, in taka da ƙarfi har sai na yi haki. Da farko na tsorata, don bugun da nake gudu shi ne ya zo. To ashe maganin ke nan: kai da kanka ka sa zuciyar ta buga, ka tsaya a gindin bishiya ka ji tana sauka a hankali, ba abin da ya same ka. Yau da gobe sai jiki ya daina ɗaukar bugun a matsayin mutuwa. Kada ka ce ai kana aikin gona, ni ma haka na ce. Noma gajiya ce, wannan kuwa da gangan kake yi, hankalinka na kan numfashinka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum ya motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. In babu keke, yi tafiya da sauri zuwa ƙauyen gaba ka dawo. Amma fara zuwa a auna maka jini, musamman in kana jin ciwo a ƙirji.

Ka rage goro da Nescafe da shayi mai kauri. Taba tana sa jiki ya ƙone sinadarin kafeyin, mai hana barci, da ke cikinsu da wuri, in ka bar ta sai ya daɗe a jini, goron da ka saba ci ya riƙa kaɗa maka gaba. Kuma don Allah kada ka karɓi ƙwayar barci a kemis ba da takardar likita ba, yara nawa muka rasa ta wannan hanya. Abin da ke ƙona mini rai, tun 2015 dokar Najeriya ta hana sayar da sigari kara-kara, amma kowane mai tireda yana yi, har bashi yake bayarwa. Ka biya naka bashin, ka canja hanya.

In fargabar ta hana ka barci da aiki, je asibiti ka faɗi gaskiya, ko da za a tura ka asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke Kano ne. Ba hauka ba ne, kada kunya ta hana ka. Ka gaya wa iyalinka ranar da za ka ajiye, su yi haƙuri da faɗan da za ka yi ta yi. Ka rubuto mana wane lokaci sha'awar ta fi kama ka, bayan cin abinci ne ko da dare, sai mu ga inda za ka sa tafiyar. Allah ya yaye maka.