Amsa ga maman yaron CE1 da ke ƙin tahiya lekol

Salamu alaikum ƙanwata, na ga tambayarki tun shekaranjiya, sai yau na samu zama. Kin ce yaronki shekara 8 shina CE1, wato aji uku, tun da babanshi ya tahi bida bayan girbi ya canza miki, da sahe sai an yi kokowa kahin ya ɗauki jakka, kayenshi babu rubutun kirki, ga hitsarin kwance ya dawo bayan ya daɗe da bari, mushe malamin ajinsu kuma ya aiko cewa ba ya bin karatu. Kina tambaya ko akwai wani a lekol wanda aikinshi ke nan sauraren yara da ba su shawara, irin wanda ake labari a Faransa da Amurka, in kuma babu ina za ki kai shi. Na ga wasu sun ce miki ƙiuya ce ki ƙara mishi bulala, wasu sun ce hannu anka sa mishi. Ni ba malama ba ce ba kuma likita ba, amma na yi shekara 7 cikin ƙungiyar uwaye mata ta lekol ɗin unguwarmu nan Tawa, kuma irin wannan ya taɓa shigo mini har cikin ɗaki.

Gaskiyar magana, a lekol ɗin gwamnati da ɗiyana sunka yi daga CI har CM2 ban taɓa ganin ofishi da mutum zaune aikinshi kawai ya saurari yaro ba. Kar ki ji an ce konseye ki ɗauka shi ne, wannan konseyen malamai yake bi, ya shiga aji ya ga yadda ake koyarwa ya gyara ma mushe, ba yara yake zama da su ba. To amma aikin bai ɓace ba, rarrabe yake a hannun mutane da yawa, kuma babu wanda zai zo gida ya tattara miki shi, ke za ki bi ƙofa ƙofa.

Bari in ba ki nawa. Ɗan ƙanwata da nike riƙo, shi ma a CE1 abin ya same shi. Yaro mai surutu a gida sai ya koma shiru, in ka kira shi daga bakin zaure sai ka yi kira uku huɗu, mu kuma muna cewa raini ne. Bulti ya zo, shi ne na kusa da ƙarshe. Wallahi na buge shi, ba zan ɓoye miki ba, har da hana shi kuɗin rekre kwana biyu. Ranar da na je lekol da niyyar in ce ma madam ta ƙara mishi hannu, sai na tsaya bakin taga kahin ta gan ni. Aji cike maƙil, wasu kan tabur wasu kan tabarma a gaba, shi kuma can layin ƙarshe jikin bango, ya karkatar da kai gefe guda shina kallon bakin madam, in yara sunka ɗaga ardwaz sai ya leƙa ta na kusa da shi ya kwafa sannan ya ɗaga tashi a makare. Jikina ya yi sanyi. A gida na duba matashin da yake kwana a kai, ga tabon ruwa rawaya rawaya, ashe kunnen hagu ya daɗe shina zuba, yaron shina goge wa da bakin riga kar a yi mishi faɗa. Wata nawa muna dukan yaron da ba ya ji.

Munka kai shi CSI, ƙaramin gidan likita na unguwa, anka wanke kunnen anka rubuta magani, anka ce a hana ruwa shiga, daga baya anka tura mu babban gidan likita don a ƙara dubawa. Madam ta maido shi layin gaba, kunnen mai lahiya ta wajenta. Ba zan ce miki ya zama na ɗaya ba, bai zama ba, amma ya wuce zuwa CE2 ba tare da ya maimaita ba kuma ya daina ɓuya bayan randa da sahe.

Shi ya sa ni kullum nike cewa a fara da jiki. Ido, kunne, ciki. Ki tsaya nesa ki rubuta harafi a bango da gawayi ki ce ya karanta, ido ɗaya rufe sannan ɗayan. Ki tsaya bayanshi ki yi magana a hankali ki ga ko ya juyo. Hitsarin kwancen nan kuma kar ki raina shi, yaron da ya bari ya dawo ma shi, sau da yawa damuwa ce, amma ciwon mara ma na kawo shi, kuma in shina wanka cikin tabki da damina ki tambaye shi ko ya taɓa ganin jini a ƙarshen hitsari, tsargiya ke nan kuma maganinta sananne ne. In shina shan ruwa ba ƙaƙƙautawa shina rama, a auna sukari. Ki tahi da ɗan kuɗinki hwa, kyautar magani da anka fara a 2006 ta yara ce 'yan ƙasa da shekara 5, naki ya wuce nan. Ki kuma duba mi yake ci kahin ya hita, ko kunu ne da ƙosai biyu, don yaron da ke jin yunwa tun kahin rekre babu abin da zai zauna a kanshi.

Sai mushe. Nan ne uwaye da yawa muke ɓata abin. Kar ki aika yayanshi, kar ki tare malam a bakin ƙofa gaban yara kina ɗaga murya, mutum ne da ke da yara fiye da yadda zai iya riƙe sunansu duka a watan farko, in kinka zo da faɗa zai kare kanshi ne kawai. Ki je lokacin rekre ko bayan an tashi, ki gaisa da kyau, ki ce mushe na zo neman shawararka ne. Sannan ki yi tambayoyi ƙanana masu amsa. Ina yake zama? Da wa yake wasa? Tun yaushe ka ga ya canza? A lissahi ne ko karatu ko duka? Akwai wanda ke ƙwace mishi kuɗin rekre? Wannan ta ƙarshen kar ki bar ta, mun sha gano babban yaro ɗan CM ne ke tare ƙanana a bayan aji ko a hanya, yaro kuma ba zai faɗa ba don an ce mishi in ya faɗa zai sha duka. Ki kuma gaya ma mushe cewa baban ya yi tahiya, don shi bai sani ba, a wurinshi yaro ne kawai da ya daina kwafar tablo. In kuma dukan a cikin ajin yake, to wajen darakta za ki, a asirce, ma'aikatar ilimi ta daɗe da hana dukan yara a aji ko da yake kowa ya san yadda abin yake. In darakta bai motsa ba akwai sufeto a sama da shi.

Akwai kuma maganar harshe da ba mu cika kawowa ba. Yaro ya tashi da Hausa ko Buzanci ko Hillanci, rana ɗaya a zaunar da shi a ce komi da Faransanci. An ce Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, to, amma kayen da ke cikin jakkar ɗanki ki buɗe ki gani da wane harshe yake. A CI da CP yaro na iya ɓoyewa cikin amshin da aji ke yi gaba ɗaya, a CE1 ne ake son ya karanta da kanshi, nan asiri ke tonuwa. Wani yaron ba daƙiƙi ba ne, harafin ne bai kama ba tun farko kuma kunya ta hana shi faɗi. In haka ne, ki nemi ɗan kwaleji ko ɗan lise a unguwa mai haƙuri ya zauna da shi rabin awa bayan la'asar, su koma can baya wajen haruffa, ba darasin ranar ba. Masu kur na kuɗi da yawa darasin ranar suke maimaitawa, kuɗinki ya tahi yaro na nan inda yake.

Yanzu ƙungiyoyin lekol. Kowace lekol ta gwamnati ya kamata a ce tana da kwamitin nan na tahiyar da lekol, CGDES, da tsofaffi har yanzu ke kira COGES, da ƙungiyar uwayen yara APE, da tamu ta uwaye mata AME. Abin alfahari ma, tsarin zaɓen kwamitin nan da taron gari a yi shirin aiki, nan jihar Tawa anka fara gwada shi a 2004 da tallahin Japan kahin ya bazu ƙasa duka. Amma kar in yi miki ƙarya, a wasu wuraren suna ne kawai, ba a ganinsu sai lokacin karɓar kotizasiyo. Inda suke da rai kuwa suna aiki. Mu a tamu, in yaro ya yi kwana uku bai zo ba madam za ta gaya muna, mu biyu mu sa hijabi mu je gidan kamar gaisuwa. Abin da uwa ba za ta iya gaya ma darakta namiji ba, mu tana gaya muna a bakin murhu. Haka munka gano wata yarinya 'yar CM1 da ke barci a aji, ashe tallan dare take yi har ƙarfe goma sha ɗaya, uwar kuma ba mugunta ba ce, miji shina Libiya wata takwas babu aike. Ba mu yi mata wa'azi ba, munka sa ta cikin asusunmu irin na Mata Masu Dubara, ta ɗauki jikka goma ta fara suyar awara ƙofar gida da sahe, tallan dare ya tsaya. Ki tambayi darakta wace ce shugabar AME, ki je gidanta, kar ki jira taro.

Maganar babanshi kuwa, a nan Adar wa bai san ta ba, rabin unguwa maza suna Abijan ko Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, mun saba har mun manta yaro bai saba ba. Babba ya san tahiya ce za a dawo, ɗan shekara 8 abin da ya sani shi ne wanda ke ɗora shi a moto da sahe ya ɓace, kuma ya ji manya na labarin waɗanda sahara ta ci. Ki gaya mishi gaskiya daidai kanshi, ga inda baba yake, ga aikin da yake yi. Ki sa baban ya riƙa turo mishi murya a WhatsApp, tashi shi kaɗai da sunanshi, ba wadda zai gaishe da gida duka ba, ko da minti guda ne ranar Juma'a, shi ma yaron ya karanta mishi layi ɗaya daga littahi ya tura. In akwai kawu ko baffa ko kaka namiji kusa, a ɗora mishi rakiya lekol ko da sati biyu. Malamin allonshi ma ki yi mishi magana, sau da yawa ya hi mushe sanin halin yaron don ya daɗe da shi. Addu'a da tofi ni ma ina yi, ba su hana zuwa likita ba. Shimhiɗar da ya jiƙa kuma ki shanya ta ba tare da 'yan'uwanshi sun yi mishi waƙa ba, wannan waƙar amalala da muke ganin wasa ce tana ƙara abin ne.

Akwai inda abin ya hi ƙarfin uwa da mushe, dole in faɗa ko da ba daɗi. In kinka ga yaro na tsoron wani mutum takamaimai, ko tabo a jiki da bai iya bayani, ko ciwo a gabanshi ko bayanshi, ko maganar da ta girmi shekarunshi, kar ki tsaya sulhun zaure. Likita da farko, sannan ofishin kare yara na gwamnati, wanda ake kira CEPPP, da can SEJUP ake cewa, ma'aikatan jin daɗin jama'a ne a ciki kuma su ne mafi kusa da abin da kike tambaya, suna zama da yaro su saurare shi su zo har gida. 'Yan sanda ma suna da sashen ƙananan yara, kotu kuma tana da alƙalin yara. In kuma gwaji ya nuna ji ko gani ya yi rauni sosai, ba ƙarshen karatu ba ne, a Yamai akwai makarantar kurame ta Hassane Bana Ba da ta makafi ta Soly Abdourahamane, nan kuma sai ki tambaya a ofishin sufeto wane aji ke karɓar irinsu.

Wani abu da ba ki tambaya ba amma tunda za ki wajen darakta, ki duba ko takardar haihuwarshi na cikin dosiyenshi. In babu ki fara neman ta kotu tun yanzu ta hanyar meri, mun ga yara sun kai CM2 ana ta guje guje a ƙurarren lokaci, uba kuma ba ya gari.

Ranar da za ki je ki ɗauki kayenshi na bara da na bana ki aza ma mushe su gefe da gefe, a nan za ku ga watan da rubutun ya fara lalacewa. Ki kuma leƙa ta taga kahin ki yi sallama, ko minti biyar ne. In kin dawo ki rubuto mini layin da kinka same shi zaune da abin da CSI sunka ce game da hitsarin, sai mu san ƙofa ta gaba.