Kwano mai "LK" a gindi: na Ladi Kwali ne, kuma in sayar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Muna rabon kayan marigayi mahaifinmu a Zariya sai na ci karo da kofuna huɗu, da wani kwano mai murfi, da ƙaramin tulu, duk na tangaran masu nauyi, launin ƙasa-ƙasa mai duhu. Ya yi aikin gwamnati a Kaduna wajen 1960 zuwa 1970. A gindin kwanon akwai LK da wani ɗan hatimi kamar rubutun ajami. Wani dillali ya taya duka dubu hamsin. Dan Allah na Ladi Kwali ne? In sayar?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah Ya jiƙan Baba Ya sa ya huta. Kafin komai dai dan Allah kar ki ba dillalin nan amsa tukuna, kuma kar ki bari a kankare su da soson waya don su yi haske, mayar da su inda yara ba sa kai hannu sannan mu yi magana.

Yadda kika siffanta su ɗin nan sun yi kama sosai da kayan makarantar tukwane ta Abuja, ba Abujar yanzu ba fa, tsohuwar Abuja wadda ta koma Suleja. Wani Bature ɗan Ingila Michael Cardew ne ya buɗe ta a 1952 a ƙarƙashin gwamnatin Arewa, Ladi Kwali kuma ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin, dama tun kafin nan ta yi suna da ginin tulu irin na Gwari har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana ajiye aikinta a fada, a can Cardew ya fara ganin hannunta. Ma'aikatan gwamnati na lokacin da turawa su ne manyan masu sayen kayan, to kin ga mutumin da ya zauna Kaduna a shekarun nan ba abin mamaki ba ne a samu irinsu a kabad ɗinsa.

To juya kowanne ki dubi gindi a hasken rana. Abu biyu ake nema: hatimin wurin, wato kalmar Abuja da haruffan Larabci cikin ɗan ƙaramin tambari, sai kuma hatimin wanda ya gina. LK na Ladi ne, MC na Cardew. Duka biyun danna su ake yi tun yumɓu yana ɗanye kafin a gasa, saboda haka za ki ji sun lotsa ciki, bakinsu ya ɗan taso. In kika ga kamar da ƙusa aka kankara bayan abu ya bushe, ko da fenti aka rubuta, to akwai magana. Kuma gindin nan yawanci ba shi da shafin ƙyalli, za ki ga yumɓun kansa, mai tauri kamar dutse, don wutar itace ake ba shi mai zafin da ya haura digiri 1,200, ba irin gashin tukunyar ƙauye ba da ake tara kara a cinna. Ƙwanƙwasa shi da farce a hankali, lafiyayye ƙara yake yi ras, mai tsagewa a ɓoye kuwa sautinsa a dushe yake.

Amma hatimi kaɗai baya yanke hukunci, don abu ne da ake iya kwaikwaya tunda sunanta ya yi tsada. Hannu ake dubawa. Zanen Ladi yankan wuƙa ne mai gudu, ba ɗar-ɗar, ƙadangare, kunama, kada, hawainiya, kifi, tsuntsu, maciji, kowanne a cikin gidansa da layuka sun kewaye shi, kuma cikin jikin dabbar cike da ƙananan zane a gicciye. Mai kwaikwayo yakan tsaya yana lallaɓawa sai layin ya fito a sanƙare. A kan faranti da kwanuka kuma sau da yawa da yatsa take jan layi a cikin ruwan yumɓu tun bai bushe ba, sai ya bar wata igiya mai lanƙwasa. Tulun ma ki leƙa cikinsa ki sa hannu. Manyan tulunanta ba a kan faifan juyi, wato na'urar da ke juya yumɓu ana ginawa, take yin su ba, da hannu take ɗora yumɓu tana zagayawa kamar yadda ta koya a gida, to cikin ba zai nuna zoben juyi mai tsari irin na kofi ba. Kuma irin wannan tulun ba ya sanyaya ruwa saboda shafin ƙyallin ya toshe shi, ga nauyi, tun asali na ado ne.

Maganar kuɗi, gaskiya akwai tazara mai nisa tsakanin kaya da kaya. Babban tulunta mai zanen dabbobi shi ne ake rububi, a 2021 an yi gwanjon wani a Landan ya haura fam 100,000. Kofi ko ƙaramin kwano bai kusa da nan ba ko kaɗan, kar wani ya ɗora miki buri. Amma ko a haka dubu hamsin a kan guda shida, in har na gaske ne, wallahi an raina kayan.

Wani abin da ke damuna shi ne yadda mutane in ba su ga LK ba sai su watsar da sauran. Wurin nan ba Ladi kaɗai ba ce. Akwai Halima Audu, Asibi Ido, Kande Ushafa, Lami Toto, Bawa Ushafa, Danlami Aliyu, kowa da hatiminsa na harufan sunansa, kuma wasunsu aikinsu ya kai a tsaya a kalla. Kofunan nan huɗu ƙila na ɗaya daga cikinsu ne, kar a raba su ɗai-ɗai a wajen rabon gado, tare suka fi daraja, gara a yi musu kuɗi mutum ɗaya ya riƙe.

Wanki kuwa ruwan ɗumi da ɗan sabulu da tsumma mai laushi ya isa, ki shimfiɗa tawul a ƙasan roba, murfi daban kwano daban, kar a ɗaga kofi ta hannunsa. In akwai wanda ya ɓalle ki nannaɗe ɓallin ki ajiye, kar a sa masa sufa gulu, gyaran da aka yi da garaje ya fi ɓallin kansa karya farashi don cire shi wahala ne.

Sai abin da nake ganin ya fi komai gaggawa, tunda tangaran zai jira amma tsofaffi ba sa jira: ki zauna da Mama ko ƙannen Baba ki tambaye su yaushe ya saya, a Abuja ne ko a Kaduna, kyauta ce ko saye, ki rubuta da kwanan wata. In akwai tsohon hoton falo da kayan suka fito a ciki ko rasit, ki haɗa. Masu saye na gaske wannan suke fara tambaya, kuma shi mai jabu ba ya da shi.

Daga nan ki ɗau hoto mai kyau na gaba, baya, ciki da gindi, ki auna tsawo, ki kai sashen koyar da tangaran na Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) tunda a Zariya kike, jami'ar da ta ba Ladi digirin girmamawa a 1977, ko gidan tarihi na Kaduna su duba miki da ido. In kuma daga baya kuka yanke shawarar fitar da su waje a yi gwanjo, a fara neman takardar izini daga hukumar gidajen tarihi ta ƙasa don kar a riƙe su a filin jirgi. Ni dai da za ku iya, ku sayar da wani ku bar kwanon mai LK a gida. Turo min hoton gindin kofunan in ga ko zan gane mai hatimin.