Igwar Rasha a Ƙofar Cocin Ely

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, karatu kuma na tafiya yadda ake so. Saƙonka ya iso tare da hoton igwar da ka gani girke a filin da ke gaban babban cocin Ely. Ka tambaye ni me ya kai makamin Rasha ƙofar wurin ibada a wani ƙaramin gari na Ingila, kuma ko akwai laifi ka hau kanta a ɗauke ka hoto kamar yadda abokanka suka yi.

Wannan igwa ganima ce. A 1854 Ingila da Faransa suka shiga yaƙi da Rasha suna mara wa Daular Usmaniyya baya. Suka yi wa garin Sebastopol da ke Kirimiya ƙawanya kusan wata 11, har ya faɗi a Satumbar 1855. Rashawa suka janye suka bar dubban manyan bindigogi, waɗanda suka ci yaƙin suka raba su tsakaninsu. Kason Ingila aka loda a jiragen ruwa aka kai gida. Galibinsu na baƙin ƙarfe ne, tsofaffin yayi, ba su da sauran amfani a fagen fama, sai gwamnati ta riƙa ba garuruwan da suka nema. Sau da yawa garin ne zai biya kuɗin dako da na abin da za a ɗora ta a kai, kuma mutane suka biya da murna, ranar isowarta a fito da kiɗa da jerin gwano. Ta Ely an ba da ita a 1860 da sunan Sarauniya Victoria, lokacin da garin ya kafa rundunar 'yan sa-kai. Wasu sun tsallaka teku har Kanada da Ostireliya. In ka koma, duba bayanta da kyau, za ka ga tambarin gaggafa mai kai biyu na sarakunan Rasha.

Ka lura da bambancin wannan da abin da muka karanta a fiƙihu. A wurinmu ganima dukiya ce da ake rabawa: a fitar da humusi kamar yadda aya ta 41 ta Suratul Anfal ta yi umarni, sauran kashi huɗu na waɗanda suka halarci yaƙin ne, kuma ɓoye ko da allura kafin rabo babban zunubi ne. Su kuwa igwar ba ta zama ta sojan da ya kamo ta ba. Ta hukuma ce, aka ba gari don a kafa ta a bainar jama'a, duk mai wucewa ya tuna an ci nasara.

Bayan yaƙin 1914 zuwa 1918 aka sake yin haka da bindigogin Jamus, kuma da yawan gaske. A Ostireliya har da la'akari da yawan mutanen gari aka yi rabon. Amma a wannan karon zukata sun canza. Kusan kowane gari ya rasa samari, kuma mafi yawansu irin waɗannan bindigogi ne suka kashe su. Yaya uwa za ta ji in kullum a hanyar kasuwa sai ta ratsa ta gaban abin da ya raba ta da ɗanta? A wasu garuruwan Ingila tsofaffin sojoji da kansu suka tura bindigogin cikin kogi ko tafki. Wannan ne ɓangaren labarin da ya fi taɓa ni, domin su ne suka san kukan igwa, kuma su ne suka ƙi ganinta. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, daga 1940 aka kwashe da yawa aka narkar don ƙera sababbin makamai. Shi ya sa waɗanda suka rage ba su da yawa.

Mu ma mun ɗanɗana ɗaya gefen. A 1903 Turawa suka ci Sakkwato, suka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi inda ya yi shahada, tutarsa kuma ta zauna a hannun sojojinsu a matsayin abin nuna nasara. Sai a 1960 aka mayar da ita Sakkwato. Ka tuna mutanen da suka faɗi a gindin wannan tuta, sannan ka sake duban igwar Ely. Ita ma akwai waɗanda suka kwana a bayanta cikin sanyin Kirimiya, kuma da yawansu ba su koma gida ba.

Game da hoto, ban ga laifin ka tsaya a gefenta a ɗauke ka ba, ka kuma karanta rubutun da ke jiki. Hawa kanta dai ba na so ka yi. Mahaifiyarka na gaishe ka, ta ce ka riƙa sa rigar sanyi in za ka fita.

Kawunka.